Ƙafar da Na Dafa da Hannuna

Ranar da muka tafi filin tanis mu ga ko abin da ya rage na ƙafarsa zai ɗauke shi, ga waɗanda ke wurin. Akwai ni. Akwai Hadiza matarsa, wadda ke rubuta wannan da nake faɗa, don ni ban shiga lakkwal, makarantar boko, ba. Akwai Malam Hamidu, ƙanen marigayi mijina, da ya taso tun daga Jiratawa bisa keke, da Kande ƙanwata ta Tsibiri, wadda ba wanda ya gayyata. Akwai Lokotoro Sule, likita, cikin gajeren wando, abin da ban taɓa zaton idona zai gani ba, da Ɗan Bako, dattijon da ke gadin filin. Sai shi mai ƙafar. Sunansa ba ya fita bakina, ɗan fari ne. Uwata ce ta yaye shi ta riƙe shi a Tsibiri, don haka Na Tsibiri nake ce mashi, shi kuma Yaya yake ce mani, yadda ya tashi ya ji ƙannena suna faɗa.

Na sa a rubuta ne saboda masu ciwon suga da masu jinyarsu, musamman mata irina da ke ganin sun gama sanin ruwan zafi. Na ce wa Hadiza ta sa yadda na faɗa, ko inda bai yi mata daɗi ba, ko inda bai yi mani ba.

Sana'ata wankan jego ce. Tun ina da ƙarfina nake tafasa ruwa da ganyen bedi, wato dogon yaro, ina yi wa masu haihuwa, a unguwarmu Bagalam da wuya ka nuna gidan da ban shiga ba. Tasa kuwa ban taɓa ɗaukarta sana'a ba. Yana yaro yake gudowa daga Tsibiri a ƙasa, yana tsintar wa Turawan kamfanin gyaɗa ƙwallo, har wani cikinsu ya ba shi karyayyen raket, abin nan mai kama da matankaɗi da aka yi wa ƙota. Da shi ya koya. Daga nan aka ɗauke shi Yamai, sai labari nake ji, yau yana Abijan, gobe Dakar, jibi Legas, sau ɗaya har ƙasar Faransa. Da wasan ya yi aure, da shi ya gina ɗaki biyu a Sabon Gari. Ya kawo kofunan ƙarfe, ya aiko mani da ɗaya, allura da zare nake ajiyewa ciki. Da gwiwa ta fara damunsa sai ya dawo Maraɗi, gwamnati ta ɗauke shi yana koya wa mutane, ma'aikata da likitoci da 'ya'yan alhazai, suna kiransa Metir, wato malam. Duk shekarun nan ban taɓa taka filin ba. Uwa ba ta zuwa kallon ɗan fari, balle yana tsalle gaban jama'a.

Ciwon ya zo a shekarun da gari ya cika da jam'iyyu, kowane lungu da tutarsa, albashi kuwa sai a yi wata da watanni ba a gani ba. Ba a biya shi, ba a biya Hadiza da ke koyarwa. Turawan sun watse, masu koyon sun ragu. Da saƙar raket yake riƙe gidan: in igiyar wani ta tsinke a kawo mashi, ya zauna da basilla ya saƙa sabuwa.

Na ga alamu, ba zan ce ban gani ba. Ni ba a wuce ni da abu. In na je gidansu sai in ga ya shanye moɗa uku a tsaye, in ce rana ce. Ya rame har riga na yi mashi yawo, na ce ɗan wasa dama ba ya ƙiba. Na ga kiyashi sun yi layi a makewayi inda yake fitsari, na yi wa Hadiza faɗa kan rashin shara. Ya gaya mata yana jin kamar auduga yake takawa, ta gaya mani, na ce wanda ya shekara talatin yana gudu bisa tsakuwa ai dole tafinsa ya mutu. Ku riƙe su: ƙishirwa, rama, kiyashi, da audugar nan. Kowane ɗaya na samo mashi dalili, ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba.

Yana da wata al'ada tun zamanin da yake wasa. Duk Juma'a kafin masallaci sai ya sa reza ya fere kantar da ke tafin ƙafarsa. Wata Juma'a reza ta zarce ƙarƙashin babban yatsan dama, bai ko sani ba, sai da Hadiza ta ga jini bisa tabarma. Takalmansa na da sun mutu, ya sayi na gwanjo da suka matse shi, haka ya cusa ƙafar ciki ya tafi fili.

Satin farko ƙafa ta kumbura. Hadiza ta ja shi asibiti, suka tarar ana yajin aiki. Layi ya kama tun daga ƙofa har gindin itatuwa, sai wanda aka kawo ranga-ranga ake dubawa. Suka wuni. Wajen la'asar wani anfirme, ma'aikacin jinya, ya leƙa ciwon, ya shafa jan magani, ya rubuta ordonans, takardar nan ta sayen magani, ya sallame su. Ba wanda ya ɗebi jininsa ya auna. Ban faɗi wannan don in sauke nawa kayan ba, amma haka aka yi.

Sati na biyu na kasa zama gidana. In kwanta in tashi, in fita tsakar gida in dawo. Na ɗauki tukunyata da ganyena na tare Sabon Gari. Na ce kumburi dai na san shi, ba kumburin da gashi bai saukarwa. Safe da yamma nake tafasa ruwa da bedi da gishiri, in juye a baho, in sa hannuna in ji, in tura mashi gabansa in kau da kai. Shi kuma ya tsoma ƙafar har idon sawu.

Mai jego in na watsa mata ruwan nan sai ta kira uwarta ta kira ubanta. Shi ko motsi ba ya yi. Zaune yake bisa kujera, raket a cinya, yana jan igiya da haƙori, ƙafa cikin baho tururi na tashi. Ni kuwa ina satar kallonsa daga bakin murhu, raina na yi mani daɗi. Na ce ashe wasan Nasarar nan bai lalata shi ba, jinin gidanmu ne, ubana ma haka yake, an yi mashi sakiya yana cin goro. Ban tambaye shi ko da zafi ba. Ba na tambayarsa irin wannan, ban taɓa ba.

Rana ta uku Hadiza ta sa yatsa a bahon ta fizge. Ta ce, "Inna, ruwan ga ya yi zafi." Na tsoma hannuna har wuyan hannu, na bar shi ciki, ina kallonta, har ta sunkuyar da kai. Na ce mata lakkwal ce ta mayar masu da fata takarda. Ba ta sake magana ba. Na yi ta jin haushinta daga baya don ba ta sake ba, ko da yake na san ni na rufe mata baki.

Fata ta yi fari ta fara saluɓewa, na ce mugun abu ne ke fita. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa. Malam Hamidu ya ɗauro rake da mangwaro daga garkarsa ta Jiratawa. Kande ta kawo zuma a gora da wasu saiwoyi, ta ce a riƙa ba shi cokali uku kullum don ya yi jini. Ni na dama fura na zuba suga don ya ji daɗin sha. Kowa da alherinsa ya zo, kuma kowa ƙara mashi ciwon yake. Kwana tara na yi ina gashin nan.

Sati na uku wari ya fito. Na fara jinsa kafin kowa, na ƙara ganye. Babban yatsa ya yi baƙi, na kusa da shi ya bi, zazzaɓi ya rufe shi. Ranar Talata sai ga wani mutum ya yi sallama, dogo da gilashi, wai ya zo karɓar raket ɗinsa da ya bayar saƙa tun sati uku. Hadiza ta raɗa mani Lokotoro Sule ne, mai fiɗa, yana cikin waɗanda Na Tsibiri ke koya wa wasa. Bai kai tsakiyar gida ba ya tsaya yana shinshina. Ya manta da raket, ya durƙusa ya kwance tsummar da na ɗaure. Ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Wa ya dafa ƙafar ga?"

Na ce gashi ne, ni na yi, kuma ba yau na fara ba. Bai yi mani gardama ba. Ya ce a ba shi allura. Na ɗauko mashi, ya ce Na Tsibiri ya dubi sama, ya soka ta a tafin ƙafar mai lafiya, ta hagu, har na ga ta shiga. Na Tsibiri na kallon rufin rumfa, can ya ce, "Lokotoro, ka fara?"

Lokotoro ya juyo gare ni ya ce abin da na gani ba dauriya ba ce, ciwon suga ne ya kashe jijiyoyin, ƙafar ba ta jin komai, ko wuta aka sa mata ba za ta kai ƙara ba. Sannan ya ce in nuna mashi hannuwana. Ya juya su, ya danna tafin da babban yatsansa. Ya ce, "Inna, hannunki ma ya daɗe da daina gaya maki gaskiya. Ki gwada ruwanki da gwiwar hannu wata rana." Na janye hannuna. Na ce ni na wanke uwayen da suka haifi irinsa, ba yaro ne zai koya mani ruwa ba. Ya ce to, ya fita ya tare mota.

Shi ya samo mana gado, ina gode mashi har gobe. Ba don raket ɗin nan ba da ban san inda za mu ƙare ba, kuma ina tuna waɗanda muka wuce a gindin itatuwa da ba su saƙa wa kowa raket ba. Amma gado kawai aka ba mu. Auduga, bandeji, ruwan da ake ƙarawa, safar hannun da likita zai sa, har zaren ɗinki, kome sai an rubuta ordonans ka tafi farmasi. Lokacin kuwa an karya darajar kuɗinmu, abin da ka saya jiya in ka koma ya ninka. Satin farko awakina biyu suka tafi. Na biyu na kai tasoshin da na tara tun aurena kasuwa. Hadiza ta sayar da keken ɗinkinta ba ta gaya mani ba, sai da na ga gurbinsa a ɗaki. Wani mai neman kujera da ya taɓa koyon wasa wurinsa ya aiko da gaisuwa da turmin zane mai hotonsa. Na yayyaga zanen, da shi muke goge ƙasa in an wanke ciwo.

Aka fara yi mashi allurar suga safe da yamma. Maganin ba ya son zafi, a cikin jiƙaƙƙen yashi gindin randa nake binne kwalbar. Aka hana zuma, aka hana rake, aka hana furata. Na zama mai gadin bakin gado, duk kwanon da ya shigo sai na buɗe. Kande ta yi fushi da na mayar mata da gorarta, ta ce tun muna yara haka nake, ko tuwo aka ba ni rabo sai na auna da ido. Na ce ta gode Allah da aka samu mai aunawa.

A satin farko aka cire yatsu biyu. Muka ce an gama. Kullum da safe ina tsaye kan majo, babban ma'aikacin jinya, in yana kwance bandeji, ya kore ni, in zagaya ta ɗaya gefen. Sati na uku a asibiti na ga baƙin ya haura bayan ƙafa, kamar yadda danshi ke hawa katanga da damina. Lokotoro ya tara mu ya faɗa ba ɓoye-ɓoye. In aka yanke ƙasan gwiwa, ya fi tabbas. In aka yanke rabin ƙafa aka bar dunduniya, zai iya tsayawa da takalmi, amma caca ce, in ruɓar ta ci gaba sai an sake komawa. In ba a yi ko ɗaya ba, rai ne zai tafi. Ya ba mu kwana biyu.

Na Tsibiri ya juya fuska bango. Ya ce wa matarsa da ƙafar nan ya ci abinci tun yana yaro, ba ya da gona, ba ya da kanti, ba wanda zai je koyon gudu wurin gurgu. Ya ce a bar shi ya tafi da abarsa cikakkiya.

Dangi kuma suka samu abin faɗa. Kande ta ce ita tun farko ta san wani abu aka binne mashi a filin, akwai masu son aikinsa, a kai shi Tsibiri a kaɗa garaya a ji daga bakin masu abin. Malam Hamidu ya ce akwai wani tsoho gaba da Jiratawa da ke warkar da irin wannan ba wuƙa, ya ga wanda aka kai a amalanke ya dawo da ƙafarsa. Daga nan sai su koma gardamar jam'iyya a kan gadon mara lafiya, wannan ya ce nasu ne suka kashe asibiti, wancan ya ce a'a naku ne, har majo ya zo ya kore su.

Da yammar ranar farko na lura da abu uku. Takalmansa da ke ƙarƙashin gado sun koma cikin jaka. Malam Hamidu ya daɗe yana magana da wani mai taksi a bakin ƙofa. Shi kuma Na Tsibiri ya ci tuwonsa duka, wanda rabonsa da haka an kwana biyu. Na gane sun shirya fitar da shi jibi da sassafe, kafin Lokotoro ya shigo.

In hana shi da me? Ni ba na magana da shi kai tsaye, sai dai in ce wa Hadiza ta gaya mashi, ko in yi da bango yana ji. Kuma in na ce kada ya bi maganin gida, ai ni ce maganin gidan, kuma har ranar ban yarda na yi kuskure ba. Ina ce wa kaina jan maganin anfirme ne, takalmin gwanjo ne, reza ce.

Da safe, kafin in kai mashi kunu, na hura wuta a gidana na ɗora tukunyar. Na sa bedi na sa gishiri, na juye a baho daidai yadda nake yi mashi. Na tsoma hannu, ɗumi ne mai daɗi. Na tsaya ina kallon ruwan. Sannan na naɗe hannun riga na tsoma gwiwar hannuna.

Ban san na yi ƙara ba sai da maƙwabciyata ta leƙo ta katanga. Ko ƙirga uku ban yi a ciki ba. Kafin in kai asibiti wurin ya tashi ya yi ruwa kamar ƙwan kaza. Shi kuwa rabin awa yake yi, sau biyu a rana, kwana tara.

Na tarar da Malam Hamidu da Kande da Hadiza a bakin gadon. Ban gaishe su ba. Na zagaya ta wajen bango inda fuskarsa take, na tsaya gabansa, na ɗaga mashi gwiwar hannuna ya gani.

Na ce, "Ruwan da na yi maka gashi ne. Ni na dafa ƙafar ga, ba wanda ya binne maka kome. Na yi nawa aikin na gida, ka ga inda ya kai ka. Wani tsoho ba zai ƙarasa ka a ƙauye ba ina da rai. Ka bari a yanke."

Tunda na haife shi ban taɓa duban cikin idonsa haka ba. Ashe ya yi furfura a gira. Ya dubi hannun, ya dube ni, ya ce, "Yaya, ki je majo ya sa maki magani." Na ce ba inda za ni sai ya amsa. Kande ta fara cewa Yaya ai ƙaddara ce, na ce ta yi mani shiru. Malam Hamidu ya tashi ya ɗauki hularsa, ya ce shi dai alheri ya nufa, na ce na sani, ni ma shi na nufa. Can Na Tsibiri ya ce wa Hadiza ta fitar da takalman daga jaka. Ya ce a yi rabin, in bai yi ba a yi ɗayan.

Na tare Lokotoro a baranda na ce ya bar mashi dunduniya. Ya ce dunduniya ba tasa ba ce balle ya bayar, sai inda jini ya kai, nan zai tsaya. Ya ga hannuna bai ce kome ba, ya kira majo ya ce a wanke mani. Na gode mashi da wannan shirun fiye da gadon.

Sau biyu ana ɗaga aikin. Ranar farko aka ɗauke wuta. Ta biyu mai sa barci bai zo ba, an ce suna taron ƙungiya. Kwanakin nan ban zauna ba, daga ɗaki zuwa ƙofar asibiti, daga ƙofa zuwa ɗaki, ina leƙa baƙin ina auna shi da yatsa ko ya ƙara hawa. Ya ƙara, kamar faɗin yatsa ɗaya. Rana ta uku aka shiga da shi da hantsi, aka fito bayan azahar. Na dubi zanen da aka rufa mashi tun daga nesa. Ta dama ta gajarta, amma akwai tudu a ƙarshenta.

Daga nan sai jira. Lokotoro ya ce sati uku za su nuna. Kullum in majo ya kwance bandeji sai in karɓa in shinshina kafin ya jefar. Da farko dariya suke yi mani, daga baya Lokotoro in ya shigo ni yake fara tambaya, Inna yau me hanci ya ce. Rana ta shida na ce akwai abu a gefen waje. Majo ya ce babu. Lokotoro ya buɗe zare biyu, mugunya ta fito, aka wanke. Ban da wannan ba a sake samun kome ba. Naman ya yi ja, ya fara haɗewa. Muka yi wata biyu da kwanaki a asibiti, wata biyu kuma a gida yana koyon taku da sanda daga ɗaki zuwa zaure. Wani baduku a kasuwa ya cika gaban takalminsa da soso da fata mai laushi. Maganar da Lokotoro ya sallame mu da ita ita ce, ƙafar nan da 'yar'uwarta ba za su sake faɗin ciwo ba har abada, sai dai ido ya gane masu, safe da yamma, har tsakanin yatsu.

Ban bar wankan jego ba, amma yanzu sai gwiwar hannuna ta yarda nake taɓa 'yar mutane. Gidaje da yawa sun daina kirana, surukai na cewa ruwana ya yi sanyi, tsufa ya kama ni. Su ce. Ina tuna matan da suka yi ta kuka a hannuna ina ce masu raki, ban san adadinsu ba.

To, ranar filin. Wata Asabar ce da la'asar. Hadiza ta ce ba sai na je ba, na ce wa zai duba. Ashe filin jar ƙasa ce aka daɓe, aka ja mata layi da farar ƙasa, raga a tsakiya. Daɓen ya mutu, tun tafiyar Turawa ba wanda ya kula, duk ya farfashe, tsakuwa ko'ina. Matan ƙauye ma ba za su yarda a ce su suka yi wannan ba.

Ya ajiye sanda jikin raga, ya tsaya da kwandon ƙwallo a gefe. Lokotoro ya koma can ɗaya ƙarshen. Na Tsibiri ya buga mashi ta farko, ta biyu, ta uku. Sai na ji wata murya da ban san yana da ita ba, yana daka wa Lokotoro tsawa ya lanƙwasa gwiwa, ya daina tsayawa kamar mai jiran mota, wata huɗu ba ya nan duk ya lalace. Mutumin da ya yanke mashi ƙafa yana cewa to Metir, to Metir, gumi na zuba. Malam Hamidu ya yi ta dariya har da tari. Can wata ƙwallo ta dawo ta gefensa, jikinsa ya manta, ya yi taku uku a karkace ya mayar da ita. Na miƙe tsaye ban sani ba. Ya yi tangaɗi, ya dafa raga, bai faɗi ba.

Da aka yi kamar rabin awa na shiga filin da zanena, na ce ya zauna ya cire takalmi. Ya ce, "Yaya, gaban mutane?" Na ce gaban mutane. Ɗan Bako ya kawo benci. Na durƙusa na zare safar, na juya takalmin a tafina, sai ga tsakuwa kamar ƙwayar dawa. Ta kwanta mashi a dunduniya ta yi ja, fata ba ta fashe ba, saura kaɗan. Bai ji ta ba. Lokotoro ya duba ya ce ƙafa ta yi, za ta ɗauke shi, amma a kan wannan ƙasa ba zai ba shi izinin dawowa ba, tsakuwa ɗaya ta isa ta mayar da mu inda muka fito. Ɗan Bako ya ce shekara nawa yana kai kuka a gyara, ofishin da ba ya biyan albashi ne zai sayi siminti? Na Tsibiri kuwa bai tashi daga benci ba. Yana zaune da takalmi a hannu yana kallon filin, har aka kira magariba.

Washegari ina idar da sallar asuba na ɗauki tsintsiya da rariya da madaɓin uwata na kama hanya. Ɗan Bako ya buɗe mani yana tambayar ko mantuwa muka yi. Na fara daga gefen ragar inda ya tsaya jiya, a durƙushe, ina sharewa ina tankaɗewa, abin da ya ƙi tsintsiya in tone shi da farce. Kafin rana ta yi zafi na cika tasa biyu, ban ko kai rabin rabi ba. Na ce wa Ɗan Bako ya nemo ganga ya cika da ruwa, ranar Alhamis zan zo da matan Bagalam mu yi daɓe. Ya ce wa zai biya su. Na ce duk ni na wanke su, ya dai nemo gangar.